'Yan Kwalbar Tabawa

Tun da gonaki suka daina ba da hatsi, gansakukar tafki ta zama tuwon kowa a garinmu. Sai dai wata gansakukar tana kisa. Shi ya sa kowane gida ke ajiye kwalbar ruwan gishiri mai ƙananan jatan lande. A ɗiga musu ruwan gansakukar, in sun kai azahar suna motsi, a ɗora tukunya.

Malam Sabo ya lura kwalbar gidansa ta cika maƙil, alhali maƙwabta kullum cikin sayo sababbi suke.

Ranar Talata da hantsi ya tarar da matarsa Tabawa tana lasar cokalin da ake gwajin ruwan gansakukar da shi.

"Tabawa! Me zan gani haka?"

"Malam, dubi ƙanƙantarsu fa. A hannuna aka ƙyanƙyashe su. Da na taɓa kwalbar sai su taru. Ni ce zan ba su guba?"

"Tun yaushe kike wannan?"

"Tun bara. In na kai azahar lafiya, sai in dafa."

Bai yi faɗa ba. Ya karɓi cokalin, ya lashe ragowar, ya jawo tabarma kusa da ita. Suka zauna jiran azahar, kowa na satar kallon ɗan'uwansa, ya ga ko yana motsi.