An Ƙara Mata Wuta, An Rage Mata Birki

Junaid direban a-kori-kura ne a Dundaye. Kullum yakan ɗauko albasa daga gonaki ya kai kasuwa cikin Sakkwato, kuma da motar nan yake riƙe kansa da mahaifiyarsa, Inna Kande. Tsohuwar mota ce, amma ba ta taɓa kwana a hanya ba. Laifinta ɗaya a wurinsa, ba ta da gudu.

A tasha direbobi sun sa mata suna Kunkuru. Wani abokinsa Faruk, shi ma direba, in ya wuce shi a hanya sai ya leƙo ta taga ya ce, "Junaid, ko mu aiko jaki ya ja ka?" Junaid ya yi yaƙe, amma maganar tana ci masa rai kamar me.

Ran nan ya kai motar garejin wani bakanike a Gidan Igwai, mai suna Nura. Nura irin mutanen nan ne masu romon baka, waɗanda za su sayar maka da rana su ce inuwa ce. Ya bubbuga motar ya ce, "Wagga barci takai. Bar min ita in tashe ta."

Ya buɗe mata famfon mai don injin ya riƙa sha yadda ransa ke so. Ya ƙara mata sifirin don ta ɗauki lodi ninki. Ya cire salansarta ya kawo wata ƙatuwa mai ruri. Garin walda sai wuta ta huda siririn bututun da ke kai man birki tayar baya. Maimakon ya sauya shi, Nura ya sa guduma ya dandaƙe bakinsa ya toshe.

Junaid yana tsaye yana kallo. Ya ce, "Wagga taya hwa? Ba ta da birki ke nan?"

Nura ya ce, "Ukku sun ishe ka. Kai da kaz zo biɗar gudu, mi za ka yi da birki?"

Mutanen garejin suka kwashe da dariya. Junaid ma ya yi, don kada a ce masa matsoraci.

Mota kuwa ta tashi, ba ƙarya. In ya taka totur sai ta yi kukan kura, baƙin hayaƙi ya turnuƙe na baya. A tasha aka daina kiranta Kunkuru, aka koma Guguwa. Junaid ya ji kansa ya yi girma, tafiyarsa ma ta sauya.

Inna Kande kaɗai ce ba ta yi murna ba. Ta ce, "Ɗana, wagga ƙara ba ta lahiya ba ce. Gabana hwaɗuwa yakai in na ji ta." Ya ce, "Inna, ke mi kinka sani ga mota?" Amma uwa uwa ce. Tunda yanzu tana jin tahowarsa tun daga nesa, sai ta riƙa miƙewa ta fito ƙofar gida da kwanon ruwan sanyi, ta tsaya jikin katanga tana jiransa.

Motar ba ta ɓoye masa ciwonta ba. Duk sanda ya taka birki da ƙarfi sai ta fizge gefe guda. Ya sha cewa gobe zai kai a gyara. Da goben ta zo, sai ya sayo mata sababbin fitilu da ham mai kuka uku.

Wata azahar ana zabga rana, ya lafto mata albasa har ta fi ƙarfinta. A hanya suka haɗu da Faruk, aka shiga tsere. Junaid ya bar shi a baya, ya karyo kwanar layinsu bai sassauta ba, yana so unguwa ta shaida. Sai da ya hango ƙofar gidansu ya taka birki.

Tayoyi uku suka kama, ɗaya ta ƙi. Lodi ya turo daga baya, motar ta juya hanci ta nufi katanga. Inna Kande tana nan inda ta saba tsayawa, da kwanonta a hannu.

A asibiti likitoci suka ce ƙafafun sun dagargaje, dole a yanke duka biyun. Shi kuwa ko ƙwarzane bai yi ba. Da ta farfaɗo ta gan shi a kanta, abin da ta fara cewa shi ne, "Kai dai ba ka ji ciwo ba?" Junaid ya durƙushe a wurin yana kuka kamar ransa zai fita.

Ya koma Gidan Igwai idanunsa jajir. Nura ko ɗago kai bai yi daga injin da yake kwancewa ba. Ya ce, "Ni inji anka ce in tasa. Ya tashi ko bai tashi ba? Gabanka anka kashe birkin, har dariya kay yi."

A tasha ma bai sami mai tausaya masa ba. Faruk, wanda da bakinsa ya tunzura shi, ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Kunkuru dai bai taɓa take kowa ba."

Yanzu motar tana bayan gida, kaji suna kwana a cikinta. Junaid ne yake ɗauko mahaifiyarsa da safe ya ajiye ta a kan tabarma cikin inuwa. Har yau in ta jiyo rurin wata salansa daga nesa, sai ta dafa ƙasa za ta miƙe ta ɗebo masa ruwa, sannan ta tuna. Shi kuma yana zaune yana gani.

Jama'a, musamman direbobi, duk ƙarfin da za ku ƙara wa inji ku fara tambayar abin da zai tsayar da shi. Kada gori da son a sani su sa ku wasa da birki, domin wanda zai biya ba lallai ne ya zama wanda ke riƙe da sitiyari ba.