Bindigar Zabi da Aka Mayar ta Gwanki

Tun da ka ce abin da ke hannunka ya yi maka kaɗan, gyara zama ka ji labarin wani maƙeri. Ni kam na gaji da ba da shi, don duk wanda na ba sai ya gyaɗa kai, gobe ya je ya aikata irinsa.

A wani ƙauye na bakin daji aka yi shi. Sana'arsa ƙirar fartanya da lauje, amma abin da ke sa nama a tukunyar gidansa wata bindiga ce mai baki biyu, irin wadda harsashinta ke cike da ƙananan ƙwayoyin dalma. In an harba, ƙwayoyin bazuwa suke yi kamar an watsa wa kaji tsaba, saboda haka ko saitin mutum bai kai ya kawo ba, in garken zabin daji ya tashi sai ya kayar da rabonsa. Da ita ya riƙe iyalinsa shekara da shekaru, miyar gidansa ba ta taɓa kwana lami ba. Ran nan ya yi kiciɓis da gwanki a bakin rafi, ya sakar masa baki biyun duka. Gwanki ya girgiza fata, ya yi tafiyarsa, ko gudu bai yi ba. Maharba suka ji, suka sa shi gaba da tsiya, wai maharbin kaji ya je gaida manya. Abin ya tsaya masa a rai. Ya rantse sai ya mayar da bindigar nan irin ta manyan dawa, wadda kowane baki ke tura dunƙulallen harsashi guda, ya yi nisa, ya fasa ƙashi. Sarkin baka, shugaban maharban, ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka bar ta yadda ka same ta. Ita ke ci da kai." Maƙeri ya ce wanda ya tashi a gindin zugazugi ba a koya masa halin ƙarfe.

Ya rarake cikin bakunan bindigar biyu, ya zura wa kowanne sabon bututu mai kauri, ya liƙe. Wannan bai ba shi wuya ba, wuyar tana gaba. Da ya jingina faifai jikin suri ya gwada, bakin dama ya aika harsashi hagu, na hagu ya aika dama, faifai na tsakiya ko ƙwarzane babu. Ashe tun fil'azal bakunan nan ba su jitu ba, bazuwar dalma ce ke rufa musu asiri. Ya koma maƙera, ya narkar da liƙin, ya matsa wannan, ya sassauta wancan, ya jira ƙarfe ya huce, ya sake tattaki zuwa suri. In dama ta gyaru, hagu ta bauɗe. In sun haɗu a kusa, su rabu a nesa. Damina ta zo ta wuce, wata ta bi bayanta, ana nan ana gyaran gangar Auzinawa. Matarsa, wadda ba ta da yawan magana, ta ce masa, "Maigida, yaran nan fa sun manta ɗanɗanon nama." Ya san gaskiyarta. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Ko ganin bindigar ya yi sai ransa ya ɓaci. Amma ƙarfen da ya rarake ba ya komawa, kunyar maharba kuma ba ta bar shi ya ajiye ba.

Allah da ikonsa, wata safiya harsasan biyu suka faɗa tsakiyar faifai, ɗaya kusa da ɗaya. Ko murna bai iya yi ba, ajiyar zuciya kawai ya yi. Ya saɓa bindiga ya nufi daji, sai dai dajin bai jira shi ba. Inda ya san duhuwa, yanzu gonakin riɗi ne iya ganinka, rafi kuma lambun albasa ya cinye shi. Ya tambayi wani mai ban ruwa ko yana ganin sawun gwanki. Mutumin ya ce rabonsu da manyan dawa tun ranar da aka sare kurmi. Ya juyo gida yana jan ƙafa. A gefen wata gonar gero sai garken zabi ya tashi fir a gabansa, har sun rufe masa rana. Hannu ya riga tunani, ya ɗaga ya saki duka biyu. Harsasan suka tafi sak inda ya saita su, suka bi ta tsakanin tsuntsayen suka wuce, ko gashi ɗaya bai faɗo ba. Ya tsaya yana kallonsu har suka sauka can nesa suka ci gaba da kiwo.

Da ya isa gida ya tarar matar ta riga ta ɗora ruwan figa, don ta jiyo ƙarar harbi, yara kuma sun yi layi a ƙofar zaure. Ta dubi jakarsa, ta dubi fuskarsa, ta je ta janye itacen daga murhu.

Ka ji abin da ya sa magabata suka ce, garin neman gira an rasa ido.