Ruwan da Aka Auna da Damina

Riskuwa ta shekara talatin tana bandar kifi a Argungu, kuma duk kifinta daga tafkin bayan unguwarsu yake fitowa. A da, tafkin nan yana da doka. Da ruwan gulbi ya janye, Sarkin Ruwa sai ya rufe tafkin: ba mai jefa taru, ba mai wanki, sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. Ran nan mijinta Maigandi kan shiga da homa, ragarsa ta kamun kifi, da gora, ya fito da tarwaɗa kamar cinyar ƙato. Ƙamshin bandarta har bakin kasuwa ake jinsa.

Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi, wani kamfanin jimar fatu ya kafu a gefen tafkin, ya saki magudanarsa ciki. Da mutane suka yi ƙorafi, kamfanin ya ɗauko wani masani, Atiku. Ya zo tsakiyar damina, gulbi ya cika ya haɗe da tafki. Ya ɗebi ruwa a kwalba, ya tafi ya rubuta littafi. Ko masunci ɗaya bai tambaya ba.

Rani ya yi, gulbi ya janye, tafki ya zauna da abin da ake zuba masa. Ranar su, maza suka faɗa ruwa, sai ga kifi ciki sama, yana wari. Maigandi ya fito ƙafafunsa na raɗaɗi. Gyambon da ya kama shi bai warke ba, sai da aka yanke ƙafa ɗaya.

Riskuwa ta hau mota har ofishin kamfanin a Birnin Kebbi. Manaja ya jawo littafin nan mai kauri.

"Inna, ga binciken masana. Ruwanku lafiya lau."

"Yaushe anka auna shi?"

Ya duba. "Watan Agusta."

"Ɗana, da damina ko mushen jaki ka jefa gulbi, wucewa za ya yi da shi. Ku taho ku auna yanzu. In lafiya lau ne, ga moɗa, kai ka fara sha."

Ya rufe littafin, ya ce a raka ta waje.

Yau kaji ke kwana a murhun bandarta. Homar Maigandi na rataye, gara ta cinye goran.

Jama'a, takarda ba ta wanke ruwa. Kamfanin da zai zauna cikin mutane, ya fara jin ta bakin masu ruwan. Ku kuma in an nuna muku littafi, ku tambaya: yaushe aka auna, wa aka tambaya?