Diddigen Kawu

Bayan la'asar ne, a bakin ruwa a Warra. Inna tana bandar kifi, ni kuma ina zaune a inuwar wani fasasshen kwalekwale, na gina giwan ruwa da laka, ina fitar masa da ɓawo ɗaya bayan ɗaya da farcena. Saura ido kawai.

Sai ga Kawu, yayan Inna, ya fito daga masallaci da carbi a hannu. Bai ko dubi fuskata ba. Ya ɗora diddige a kan kifina, ya murza.

"Ran ƙiyama kai za ka hura mishi rai?" in ji shi.

Inna ba ta ɗaga kai ba. "Yi haƙuri, Yaya, ƙuruciya ce."

Ni dai diddigen nake kallo. Duk faso ne, lakata ta cike kowace tsaga. Ya goge a ciyawa, ya wuce yana jan carbinsa.

Yau zane ne sana'ata, kuma har yanzu nakan yi jinkiri in zan zana ido. Amma diddigen nan na zana shi, ya fi ƙofa tsawo, ban bar faso ko ɗaya ba. Da aka baje shi a Abuja, masu kallo suka ce ƙafar bawan Allah ce da ya sha tafiya neman Ubangijinsa. Wata mata har da hawaye. Ban gyara musu ba.

Kawu ya rasu. Ina sa shi a addu'a bayan kowace salla. Zanen kuwa yana nan a rataye, ba zan sauke shi ba.