Su da Fartanya

A bazarar da mahara suka kwashe mana hatsi, Baba ya ce in taso mu je su a fadamar Sara. Sai na ga ya saɓi fartanya, ba taru ba.

"Baba, ai fadamar ta ƙafe."

Muka isa fadamar. Ya yi ta saran busasshiyar laka har ya ɓaro wani curi, ya fasa. Sai ga gaiwa a naɗe, da ranta. Kifi a tudu! Yawuna ya tsinke.

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya mayar da ita ya binne.

"Ruwa take jira, kamar mu."

Ranar zogale muka ci, ko gishiri babu. Yanzu na wuce shekarunsa, amma ban gane ko tausayi ne ko tsoro ya sa ya mayar da gaiwar ba. Yunwar kam na gane ta sarai.