Mama Sewanu Ta Amsa Laifi

Dutse ya fasa goshin Mama Sewanu, jini ya gangaro mata har haɓa.

"Mayya! Faɗi wanda kika cinye!" in ji wani dattijo, yana zabga mata sanda.

Ta ɗago a hankali, ta juya fuskarta wajen haske yadda ta saba. Tun da take fim a Abeokuta ba a taɓa ba ta matsayin uwa ko sarauniya ba, sai na mayya. Tsohuwa ce, 'yar ƙabilar Egun, Yarbancinta ba ya fita sosai, daraktoci suka ce haka tsofaffin 'yan kallo suke son mayyarsu. Ni kuwa, Morenike, ni ke mata kwalliya, ni ke haɗa mata jini da zuma da jan kala.

"Ni na cinye shi!" Ta ƙyalƙyale da dariyar nan tata. "Hantarsa ta fi tuwon amala daɗi!"

Wuri ya kaure da ihu. Aka rataya mata taya, wani ya buɗe galan.

Na kutsa na faɗa kanta. Sai ta gane ni, abin da ta daɗe ba ta yi ba tun da tsufa ya taɓa mata hankali.

"Morenike, 'yata, jinin yau ya yi kyau," ta raɗa mini. "Amma me ya hana darakta tsayar da mu?"

Na ƙanƙame ta. Bakin kasuwa muke. Babu darakta, babu kyamara, sai wayoyi a sama da warin fetur.

Jinin nan kuwa ba ni na shafa mata ba.