Murfin da Eivind Bai Ɗaga Ba

Sau biyar Eivind yana danna madannin da ke gefen tebur, babban allon da ke haɗe da kwamfutarsa ta cinya bai kawo haske ba.

"Haba Yaya, ɗaga murfin kwamfutar ka kunna ta kamar kowa mana," in ji ƙanwarsa Torunn, tana kurɓar kofi.

"Ni? Shekara biyu rabona da murfin nan. Tana rufe a mazauninta, in danna nan, in kama aikina."

Shekara biyu ke nan kuma da 'yarsa Ragnhild ta bar gidan bayan sun yi kaca-kaca. Ko sallama ba ta yi masa ba. Shi ma ya rantse ba zai neme ta ba.

Da ya gaji, ya ja tsaki ya ɗaga murfin. Sai ga 'yar takarda a kwance, da rubutun Ragnhild:

"Baba, na san nan za ka fara buɗewa da safe. Ina tashar jirgin ƙasa har ƙarfe huɗu. In ba ka zo ba, na gane."